Wai har jami'a ake zuwa don koyon kocin ƙwallon tebur? Tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da na ce akwai jami'o'in da ake zama a aji ana karanta yadda ake horar da 'yan ƙwallon tebur har a ba mutum digiri, dariya ake fara yi min. Kuma ban ga laifin kowa ba, mu abin da muka taso muka gani shi ne teburin katako a bakin titi, an gitta wani falanki a madadin raga, ka biya kuɗin gem, wanda aka cinye ya miƙa bat ya koma layi. Toh ga tambayoyin da aka fi jefo min idan hirar ta taso, da yadda nake amsa su.

Tsakani da Allah akwai irin wannan jami'ar, ko dai zuƙi ta malle ce?

Akwai ta. Wadda ta fi suna tana Shanghai a ƙasar Sin, kwaleji ce sukutum ta ƙwallon tebur a cikin Jami'ar Wasanni ta Shanghai, an buɗe ta a 2010, hukumar wasanni ta ƙasar da gwamnatin birnin ne suka haɗa hannu suka kafa ta. Ana yin digiri na farko ana yin na gaba, ga kuma yara ƙanana da ake renonsu a wajen suna karatu suna atisaye. Shi Zhihao wanda ya taɓa riƙe tawagar matan Sin ya shugabance ta, Zhang Yining mai zinare huɗu a Olamfik ita ma ta yi aiki a can bayan ta ajiye bat. Har reshe suka buɗe a Luksambok don 'yan Turai, sannan ga gidan tarihin hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, da aka ɗauko daga Suwizalan aka buɗe a Shanghai a 2018.

A Turai ma akwai. Jami'ar Split da ke Kuroshiya tana da tsarin digiri na masu horar da ƙwallon tebur tare da haɗin gwiwar hukumar wasan ta Turai, ETTU, kuma yawancin karatun ta intanet ake yi da Turanci. Jamus tana da jami'ar wasanni a Kolon tun 1947, ga kuma makarantar kociyoyi a garin inda mai babban lasisi yake zuwa ya ɗora difloma. A Budafes ta ƙasar Hangari ma jami'ar wasanninsu ta daɗe tana yin kwas na 'yan watanni don kociyoyi daga ƙasashen waje.

To me za a koya wa mutum har shekara uku? Ba buga ƙwallo ba ne ta tsallake raga?

Nan ne fa maganar take. Ƙwallon nan nauyinta giram 2.7 ne kacal, teburin tsawonsa mita 2.74, raga santimita 15.25, wato fili ɗan ƙarami abu kuma yana gudu, kafin ka gama tunani ƙwallo ta wuce ka. Abin da ya raba ƙwararre da ɗan bakin titi shi ne murɗa ƙwallo. In an goge ta sama tana faɗowa da wuri ta yi tsalle ta taho maka, in an yanke ta ƙasa tana taɓa bat ɗinka sai ta nutse cikin raga, in an murɗa ta gefe kuma sai ka ga ta fita waje kai kana rantsuwa daidai ka saita. Ɗan wasa hannunsa ya san wannan ko da bakinsa ba zai iya bayani ba. Shi kuwa koci dole ya san dalili, ya san me ya sa yaron nan kullum yake zuba sabis ɗin wane a raga, kwanar bat ɗinsa ce, ko tsayuwarsa, ko idonsa ne ba ya kallon wuyan hannun mai sabis.

Saboda haka ake karanta yadda gaɓoɓi da jijiyoyi suke aiki, yadda ƙarfi yake tasowa daga ƙafa ya bi ƙugu kafin ya iso hannu (mutanenmu da yawa da kafaɗa kawai suke dukan ƙwallo, shi ya sa kafaɗar take fara ciwo), yadda ake tsara atisayen shekara don ɗan wasa ya kai ganiyarsa daidai lokacin gasa ba wata biyu kafin nan ba, abinci, raunuka, halayyar ɗan Adam, da yadda ake koyar da yaro ɗan shekara 7 wanda ba irin koyar da saurayi ɗan 17 ba ne. Ana zama a kalli bidiyon abokin karawa a ƙirga, in ya yi gajeren sabis sau nawa yake bi da hari, ta wane ɓangare yake da rauni in an matsa masa. Akwai kuma salon atisayen da Sinawa suka shahara da shi, koci ya tsaya da kwando cike da ƙwallaye yana jefo wa ɗan wasa ɗaya bayan ɗaya ba hutu. Kallonsa kamar wasa, amma wallahi jefa ƙwallon da murɗi iri-iri a daidai inda kake so shi kansa sai an koya.

Wani abin kuma, wasan ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2000 aka ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40. A 2001 gem ya dawo maki 11 daga 21 (har yanzu a unguwanni da yawa 21 muke bugawa, sabis biyar-biyar, abinmu). A 2002 aka hana ɓoye ƙwallo da jiki lokacin sabis, a 2008 aka hana wani irin gam da ake shafa wa robar bat don ƙara gudu, daga 2014 kuma aka koma ƙwallon filastik. Kowane canji sai da ya taɓa yadda ake bugawa. Kocin da abin da ya sani kawai shi ne yadda aka koya masa a zamaninsa, toh zai yi ta koyar da wasan da aka daina yi.

Amma ai wanda ya yi suna a wasa shi ya fi dacewa da koci, ko?

Wani lokaci haka ne. Liu Guoliang ya ci zinaren Olamfik a 1996, ya ci gasar duniya a 1999, a 2003 yana ɗan shekara 27 aka damƙa masa tawagar mazan Sin, kuma kowa ya ga abin da ya yi. Sai dai kar a manta ba shi kaɗai yake aiki ba, bayansa akwai masu bincike da likitoci da masu nazarin bidiyo da kociyoyin jihohi da suka reni yaran tun suna ƙanana. Tun da aka sa wasan a Olamfik a 1988 zuwa Faris 2024 an raba zinare 42, Sin ta kwashe 37. Wannan ba baiwar mutum ɗaya ba ce.

Ni a ganina iya bugawa daban, iya koyarwa daban. Sau da yawa gwani ma shi ya fi gajen haƙuri da ɗan koyo, don abin da yake yi ba tare da tunani ba ya kasa gane me ya sa wani ya kasa. Sai ka ji yana cewa "kai buga mana haka", ya nuna sau ɗaya, yaro ya kasa, ya hau faɗa. Ilimin da ake zuwa nema shi ne yadda za ka warware wannan "haka" ɗin gida-gida har yaro ya kama.

Menene bambancinsa da kwas ɗin ITTF da muke ji ana yi?

Tsawo da zurfi. Kwas ɗin ITTF hawa-hawa ne, mataki na 1, na 2, na 3. Na farkon awa 30 ne, kwana biyar ke nan in an matsa, sannan ka je ka yi wasu awanni kana koyarwa a aikace kafin a ba ka satifiket, kuma har da yadda ake horar da masu buƙata ta musamman a ciki. Yana da amfani sosai, shi ne ƙofar shiga. Amma kwana biyar ba shekara uku ba ce. Digiri kuma takarda ce da ma'aikata ko makaranta za ta ɗauke ka aiki da ita ko ba a kan tebur ba.

Ɗan wasan da yake kan bugawa fa, ina zai samu lokacin aji?

Dalilin da ya sa tsari irin na Split ya karɓu ke nan. Ƙwararren ɗan wasa yau yana wannan ƙasa gobe yana waccan, ba zai zauna a aji ƙarfe takwas na safe ba, amma zai iya buɗe kwamfuta a otal bayan atisaye. Kuma gaskiyar magana ita ce ƙwallon tebur ba ƙwallon ƙafa ba ce, 'yan kaɗan ne suke tara abin da zai riƙe su bayan sun daina, gwiwa ko baya na iya tsayar da mutum yana da shekara talatin da 'yan kai. Deng Yaping, wadda ta ci zinare huɗu a 1992 da 1996, da ta ajiye wasa makaranta ta koma, Jami'ar Tsinghua, daga nan Nottingham a Ingila, har ta yi dakta a Kambirij, duk da dai ita ba koci ta karanta ba.

Mu a Najeriya ina muka tsaya?

Ta fannin 'yan wasa ba a raina mu. Segun Toriola ya je Olamfik sau bakwai daga 1992 zuwa 2016, Funke Oshonaike ita ma sau bakwai, Aruna Quadri kuma a Riyo 2016 ya doke Timo Boll na Jamus ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas. Amma ka lura dukkansu ukun sai da suka fita Turai suka buga wa kulob-kulob. Yaran muna da su, inda ake gogewar ne yake can.

Wajen karatu akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, inda ake horar da kociyoyi na wasanni daban-daban. Jami'o'i irin su ABU Zariya da Bayero a Kano suna da sashen ilimin motsa jiki, ba ƙwallon tebur zalla za a koya maka ba amma sanin jiki da tsara atisaye da koyarwa duk suna ciki, sai kai ka ɗora a kan wasanka. Abin da yake ɗan damuna shi ne manyan sunayen nan yawancinsu daga kudu maso yamma suke, alhali zagaya Kano ko Kaduna ko Jos da yamma ka ga yadda yara suke cika a kan tebur. Hannu akwai. Wanda zai tsaya ya gyara wa yaro riƙon bat tun yana ɗan 8 kafin ya saba da kuskure shi ne babu yawa.

In ina so in fara, ta ina?

Kar ka fara da neman biza. Ka tara yara biyar ko shida a teburin makaranta ko na unguwa, ka sayi ƙwallaye da ɗan yawa ka zuba a bokiti, ka riƙa rubuta abin da kuka yi kowace rana a littafi. Ka je ofishin hukumar wasanni ta jiharku ka nemi ƙungiyar ƙwallon tebur ka sa sunanka, don ta hanyarsu da hukumar ƙasa sanarwar kwas ɗin ITTF take zuwa. Ka gyara Turancinka, don karatun waje da shi za a yi, na Shanghai kuma yaren Sin zai taimake ka ƙwarai. Guraben tallafi irin na kwamitin Olamfik na duniya ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasa suke bi, kuma in ka je nema za a so a ga me ka riga ka yi, wa ka horar, tun yaushe, sai ka ɗauko littafin nan ka ajiye musu a kan tebur.