Rikici da Masu Kawo Cikas a Ayyukan Buɗaɗɗiyar Manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun tushenta a fili, lasisinta kuma ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Yawancin irin waɗannan ayyuka haɗin gwiwa ne na mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, wasu 'yan sa-kai, wasu ma'aikatan kamfanoni daban-daban, kuma kusan duk maganarsu a rubuce take, ta imel ko a rajistar matsaloli ko a wajen duba gyare-gyare. Magance rikici a nan ya ƙunshi dokoki, matakai da kwamitocin da aiki ke kafawa domin yanke gardama da kuma taka wa mai hana ruwa gudu birki.

Ikon masu kula da aiki taƙaitacce ne. Ba su biyan yawancin masu ba da gudummawa albashi, balle su yanke shi. Abin da ke hannunsu shi ne wa zai yi magana a zaurukan aikin, da wa zai shigar da gyara kai tsaye cikin rumbun tushe, wato ma'ajiyar rubutun manhajar. Lasisin ma ba a janye wa mutum shi saboda hali, don haka wanda aka kora yana da damar ya kwafi aikin gaba ɗaya ya ci gaba da shi da wani suna.

Abin da rikici ke cinyewa

Babbar asarar ita ce lokaci da natsuwar masu kula da aiki, waɗanda sau da yawa ba su wuce mutum ɗaya ko biyu ba. Awar da aka kashe wajen amsa gardamar da aka riga aka yanke, an ɗauke ta ne daga duba gyaran wani. Sai kuma mutanen da ke janyewa shiru. A binciken da GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ayyuka, ya yi a 2017, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun ce an taɓa yi musu mummunar mu'amala, rabinsu kuma sun ce sun ga ana yi wa wani. Daga cikin waɗanda abin ya shafa ko suka gani, kashi 21 cikin ɗari sun daina ba wani aiki gudummawa saboda haka.

Ire-iren cikas

Zagi da barazana su ne mafi sauƙin ganewa, kuma hukuncinsu ba ya jawo dogon tunani. Wanda ya fi wahala shi ne mai ladabi a baki da ba ya yarda a rufe magana: yana amsa kowane saƙo, yana maimaita hujja ɗaya da sabbin kalmomi, har mai karatu ya zaci jama'a ne suka rabu biyu alhali mutum ɗaya ne ke ta magana. Akwai mai neman a yi masa aiki nan take kamar ya biya, da ɗan tsokana da ke son a tanka masa kawai, da gwanin da ake jure wa wulaƙancinsa saboda ana bukatar hannunsa.

Wani nau'in ba na mutum ɗaya ba ne. A 1999 Poul-Henning Kamp ya rubuta wa masu aikin FreeBSD, wata babbar manhajar gudanar da kwamfuta, saƙon da ya shahara, inda ya nuna cewa ƙaramin batu ya fi jawo surutu, domin kowa na da abin faɗa a kai, babban batu kuwa sai masana kaɗan ke taɓa shi.

Tarihin kora da ɓallewa

Kafin a fara rubuta dokokin ɗa'a, kora da ɓallewa ne ke raba gardama. A Disamba 1994 shugabannin NetBSD, wata manhajar gudanar da kwamfuta, suka nemi Theo de Raadt, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa aikin, ya sauka, suka kuma janye masa izinin shiga rumbun tushe. Sun danganta matakin da yadda yake magana da mutane, shi kuwa bai yarda da bayaninsu ba. A Oktoba 1995 ya kafa OpenBSD, wanda daga cikinsa ne OpenSSH ya fito a 1999, manhajar da a yau ake shiga mafi yawan manyan kwamfutocin intanet da ita.

Ba kowace ɓallewa ke dawwama ba. A 1997 wasu masu aikin GCC, manhajar da ke fassara rubutun tushe zuwa harshen kwamfuta, da suka gaji da jinkirin karɓar gyare-gyare suka ɓalle da sunan EGCS. Aikinsu ya yi gaba har a 1999 aka mayar da shi GCC na hukuma, ƙarƙashin kwamitin gudanarwa. Haka io.js ya ɓalle daga Node.js, manhajar gudanar da shirye-shiryen harshen JavaScript, a ƙarshen 2014 kan yadda kamfani ɗaya ke riƙe da ragama, suka sake haɗewa a 2015 bayan an kafa gidauniya mai zaman kanta. A XFree86, manhajar nuna tagogi a allon kwamfuta, kuwa tsohon aikin ne ya durƙushe: an cire Keith Packard daga cikin shugabanni a 2003, aka canza lasisi a farkon 2004, sai masu aiki da masu rarraba manhajar gudanar da kwamfuta ta Linux suka koma X.Org, aikin da ya maye gurbinsa. Libav, wanda ya ɓalle daga manhajar sarrafa bidiyo da sauti ta FFmpeg a 2011, ya samu karɓuwa na 'yan shekaru, amma a 2015 Debian, ɗaya daga cikin masu rarraba Linux, ta koma FFmpeg. A duk waɗannan, ɓangaren da masu rubuta gyare-gyare suka bi shi ne ya rayu, ko da sunan asali na hannun ɗaya ɓangaren.

Rikicin Debian kan systemd, manhajar da ke tayar da sauran shirye-shirye idan an kunna kwamfuta, ya nuna iyakar abin da tsari mai kyau zai iya yi. Debian tana da kundin tsarin mulki tun 1998, da kwamitin fasaha, da hanyar jefa ƙuri'a ta dukan mambobi. A Fabrairu 2014 kwamitin ya rabu huɗu da huɗu tsakanin systemd da takwararta Upstart, shugabansa Bdale Garbee ya jefa ƙuri'ar raba gardama ga systemd. An bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe, duk da haka zafin muhawarar ya sa wasu daɗaɗɗun mambobi suka ajiye muƙamansu a Nuwamba, kuma a watan aka sanar da ɓallewar Devuan.

Dokokin ɗa'a

Ubuntu, wani nau'in Linux, na cikin ayyukan farko da suka rubuta dokar ɗa'a, wajejen 2004 zuwa 2005. Debian ta amince da tata ta hanyar ƙuri'a a 2014. A shekarar ce kuma Coraline Ada Ehmke ta fitar da Contributor Covenant, wadda ta zama dokar da aka fi kwafa. Bugunta na biyu ya ƙara matakan hukunci huɗu: gyara a asirce, gargaɗi, dakatarwa ta wani lokaci, da kora ta dindindin.

Linux ya daɗe da suna wajen kakkausar magana. A 2015 aka saka wani gajeren rubutu kan saɓani, wanda da yawa suka ga bai wadatar ba. A Satumba 2018 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ba da haƙuri a fili kan yadda yake yi wa mutane magana, ya ɗan janye na kusan wata guda, Greg Kroah-Hartman ya riƙe aikin, aka kuma ɗauki dokar da aka gina kan Contributor Covenant.

Har yanzu ana saɓani kan waɗannan dokoki. Masu suka na cewa kalmominsu na da faɗi kuma ana iya amfani da su a rufe bakin mai ra'ayi daban, magoya baya na cewa rashinsu mai ƙarfin baki kawai yake amfana. Aikin GNU ya zaɓi shawarwarin kyautata magana a 2018 maimakon doka mai hukunci.

Yanke gardamar fasaha

Rikici da yawa na tasowa ne saboda ba a san wa ke da maganar ƙarshe ba. A ayyukan gidauniyar Apache ana ƙuri'a da +1, 0 da -1. Mai ikon ƙuri'a zai iya hawa kujerar na-ƙi kan wani gyara da -1, amma dole ya kawo dalili na fasaha, in babu dalili ƙuri'ar ba ta da ƙarfi. A ƙananan batutuwa ana sanar da abin da za a yi, a jira kamar awa 72, in ba wanda ya ƙi sai a ɗauka an yarda. Harshen rubuta manhaja na Python ya dogara da mai ƙirƙirarsa Guido van Rossum shi kaɗai har Yuli 2018, lokacin da ya sauka bayan zazzafar muhawara kan shawara mai lamba 572. Tun 2019 majalisar mutum biyar da ake zaɓa ce ke yanke hukunci.

Matakan da ake bi

A aikace ana farawa da amsa guda ɗaya a fili, gajeriya, wadda ke nuna inda aka yanke maganar da dalilin yanke ta, daga nan ba a sake tankawa sai an kawo sabuwar hujja. In abin ya ci gaba, mutum ɗaya daga masu kula ke rubuta wa mai laifin a keɓe, ya ambaci takamaiman saƙon da ranar da aka aiko shi, ya faɗi abin da ake so ya canza. Ana magana ne kan abin da ya yi. Da zarar an shiga fassara nufinsa ko siffanta halinsa, an buɗe sabuwar gardama da ba a iya tabbatarwa.

Tun daga nan ake ajiye shaida: adireshin kowane saƙo, kwanan wata, da hoton allo, domin ana iya gogewa ko gyara rubutu daga baya. Masu kula sukan daidaita bakinsu a asirce kafin su sanar da mataki, saboda in suka saɓa wa juna a fili mai laifin ya samu mafaka. Kayan aikin sun haɗa da tsare saƙonnin mutum sai an duba, kulle tattaunawa, ɓoye sharhi, da toshe asusu. GitHub yana ba da damar taƙaita masu iya magana a rumbu na awa 24 har zuwa wata shida, abin da ke da amfani idan baƙi suka yi wa aiki ca daga waje. Dakatarwa kan zo da ranar ƙarewa da sharaɗin dawowa a rubuce.

Idan wanda za a kora yana da izini a rumbu, ana janye izinin kafin a sanar da shi. Wannan ya haɗa da cire shi daga ƙungiyar rumbun, soke damarsa ta fitar da sabon bugu, da canza duk kalmar sirri ko mabuɗin da ake amfani da shi tare. Wanda ƙorafi ya shafa, ko amininsa, ba ya zama cikin masu yanke hukunci, kuma ana ɓoye sunan mai ƙorafi.

Inda abin ke lalacewa

Jinkiri ne kuskuren da aka fi yi, musamman in mai laifin gwani ne. Ana lissafa abin da yake kawowa, ba a iya lissafa waɗanda suka tafi saboda shi, domin ba sa sallama. Wasu ayyukan kuma sukan kwafi dokar ɗa'a ba tare da sun sa adireshin kai ƙorafi ko sun naɗa mai karɓa ba, wanda hakan ya fi rashin dokar muni tunda an yi alkawarin kariyar da babu ita. Ana kuma yi wa masu rubutu da harshen da ba nasu ba mummunar fahimta, a ɗauki gajartar jimla a matsayin raini.

Matsala mafi zurfi ita ce ta shugabanni. A Nuwamba 2021 dukan tawagar masu sa ido kan ɗa'a ta Rust, wani harshen rubuta manhaja, ta yi murabus, tana cewa ba ta da hanyar aiwatar da doka a kan shugabannin aikin. A 2023 aka maye gurbin tsohon shugabancin da sabuwar majalisa.

Cikas da gangan

A Afrilu 2021 aka hana Jami'ar Minnesota ba Linux gudummawa, bayan wasu masu bincikenta sun aika gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani domin gwada masu dubawa ba da saninsu ba. Aka koma aka sake duba abin da aka taɓa karɓa daga jami'ar.

A Maris 2024 Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar shiga kwamfuta a asirce, a bugu na 5.6.0 da 5.6.1 na xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana aika gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu asusu da ake kyautata zaton na bogi ne suka dinga matsa wa Lasse Collin, wanda ke kula da aikin shi kaɗai, suna kukan jinkiri suna neman ya ba wani ragama, har aka ba Jia Tan izinin shigar da gyara kai tsaye. Bayan wannan ne gidauniyoyin OpenSSF da OpenJS suka gargaɗi masu kula da ayyuka a Afrilu 2024 cewa su ɗauki nacin baƙo na neman muƙami, musamman in wasu baƙin ne ke mara masa baya, a matsayin alamar hari.