Tsabtace Iskar Ɗaki da Hasken UV

Tsabtace iska da hasken UV hanya ce ta kashe ƙwayoyin cuta masu yawo a iskar ɗaki da wani haske da ido ba ya gani. Nau'in da ake amfani da shi shi ne UV-C. Rana ma tana fitar da shi, amma iskar ozon da ke sararin samaniya tana tare shi kafin ya iso ƙasa, don haka sai an samar da shi da fitila. Fitilun da aka fi sani masu zaiba ne, suna ba da haske mai tsawon zango nanomita 254 (nanomita ma'aunin tsawo ne ɗan ƙanƙani ƙwarai). Idan hasken ya faɗa kan ƙwayar cuta, sai ya lalata sinadarin gadonta, ta kasa hayayyafa.

Tun a 1877 wasu masu bincike biyu, Downes da Blunt, suka nuna a Ingila cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta girma. Wanda ya kawo dabarar cikin ɗaki shi ne William Wells, injiniya a Amurka, wanda daga 1937 ya sa fitilun a makarantun gefen birnin Filadelfiya, aka ga ƙyanda ta rage yaɗuwa a azuzuwan. Daga baya wani mai bincike, Richard Riley, ya yi gwaji a wani asibiti a birnin Baltimo na Amurka: ya janyo iskar ɗakin masu tarin fuka zuwa kejin ɓerayen masar. Wasu daga cikin waɗanda suka shaƙi iskar yadda take sun kamu, waɗanda aka haska tasu iskar kuwa suka tsira. Da magungunan tarin fuka da alluran riga-kafi suka samu, sai aka yi watsi da fitilun, har zuwa lokacin da tarin fuka ya sake tasowa a ƙarshen shekarun 1980. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su a asibitocin da ake fargabar yaɗuwar tarin fuka.

Hasken yana ƙona ido da fata, shi ya sa ake kafa fitilar can sama da kawunan mutane, a sa mata shinge ta haska sashen sama kawai. Fanka ce ke cika aikin, domin ita ke ɗaga iskar da mutane suka fitar zuwa inda hasken yake. Wasu fitilun kuma a cikin bututun na'urar sanyaya ɗaki ake ɓoye su.

Hasken ba ya kwashe ƙura ko hayaƙi, kuma laima mai yawa tana rage ƙarfinsa. Ga ƙasa irin Najeriya, wadda ke cikin masu yawan masu tarin fuka a duniya, wahalar ba a sayen fitilar take ba, a kula da ita take: a samu wutar lantarki mai ɗorewa, a riƙa goge ƙurar hunturu daga jikin ƙwan, a kuma auna ƙarfinsa lokaci-lokaci, domin ƙwan kan ci gaba da shuɗin haskensa bayan ƙarfin kashe cutar ya ragu.