Wane ne nas ɗin ƙwaƙwalwa, kuma me yake yi wa mai shaye-shaye?

Idan aka kwantar da yaro a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, iyaye sukan koma gida da zancen likita: likita ya ce kaza, likita ya rubuta kaza. Alhali likitan 'yan mintoci yake yi a bakin gado lokacin zagayen safe. Wanda ke wuni da mara lafiyar, ya kwana da shi, shi ne ma'aikacin jinyar da ake kira nas ɗin ƙwaƙwalwa.

Ba duk wanda aka tura ɓangaren masu taɓin hankali ne ya cancanci wannan suna ba, domin mataki ne na karatu. Sai mutum ya gama makarantar koyon aikin jinya ta shekara 3, ko ya yi digirin jinya a jami'a, ya ci jarrabawar hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, ta yi masa rajista ta ba shi lasisi. A nan ne yake samun ikon rubuta RN, wato nas mai rajista, bayan sunansa. Daga baya ya ƙara karatu na musamman a kan cututtukan ƙwaƙwalwa, irin wanda ake yi a asibitocin tarayya na Barnawa da Aro da ke Abeokuta, ya sake zama jarrabawa, ya samu RPN, wato nas ɗin ƙwaƙwalwa mai rajista.

Me ya haɗa shi da shaye-shaye? Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu mai sa maye, ban da giya da taba, a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A 2018 ne kuma gwamnati ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Hana sayarwa abu ɗaya ne, raba jikin da ya saba da abin kuma wani abu ne daban, kuma a nan aikin nas yake.

Mutane da yawa sun ɗauka daina sha magana ce ta niyya kawai: a kulle shi a ɗaki kwana bakwai, zai ware. Jiki bai san wannan ba. Wanda ya saba da tiramol ko kodin ko allurar fenta, da ya tsaya sai hamma, da hawaye, da majina, da gumi, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace masa. Azaba ce, amma ba kasafai take kisa ba. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, ko ƙwayoyin barci irin su roci da dayazafam, nasa ya fi haɗari. Mai giya kan fara karkarwa cikin sa'o'i 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, a rana ta biyu ko ta uku kuma yana iya rikicewa, ya riƙa ganin abubuwan da babu su, ya faɗi yana jijjiga, har rai ya yi halinsa. A gida sai a ce aljanu ne suka tashi. Nas kuwa yana auna bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki a kai a kai, yana duba rawar hannu, yana ba da maganin da likita ya rubuta ana rage shi sannu a hankali, da sinadarin tayamin da ke kare ƙwaƙwalwar mai giya. Shi ne zai gane ƙarfe biyun dare cewa wannan gumin ba na zafin gari ba ne, ya taso likita.

Akwai wani abu da sai na ciki ya sani. Magungunan da ake ba masu taɓin hankali, irin su halofaridol, sukan sa wuya ya ƙage, jiki ya sandare, yawu ya riƙa zuba. Maganin da ke warware wannan shi ne wanda matasa ke kira ekzol, suna saye don su bugu. Saboda haka nas kan tsaya har ya ga an haɗiye ƙwaya, ya ƙirga abin da ya rage a kabad, ya kuma iya bambance wanda da gaske wuyansa ya ƙage da wanda ke kwaikwayo don a ƙara masa. Kayan da 'yan dubiya suka kawo ma sai ya duba, don an sha ɓoye ƙwaya a cikin kwanon abinci.

Sauran aikin na baki ne da kunne. Sau da yawa shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa tare suke tafiya: wani damuwa ce ta kai shi ga kwalba, wani wiwi ce ta tono masa ciwon da ke kwance. Nas ne ke zama ya saurara, ya tambayi mara lafiya kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar da dangi ke jin nauyin yi. A ganina an fi buƙatar mata a wannan fanni fiye da yadda ake zato. Binciken 2018 ya ce cikin duk masu shan ƙwaya huɗu, ɗaya mace ce, kuma matar aure da ke shan kodin a ɗaka ba za ta buɗe cikinta ga namiji ba.

Wannan ne ya bambanta asibiti da gidan mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman shiriya. A asibiti ma akan riƙe mara lafiya idan zai ji wa kansa ko wani ciwo, amma na ɗan lokaci, ana sa masa ido, ana rubutawa a fayil, kuma nas ɗin da ya wuce gona da iri lasisinsa na iya salwanta. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya na a mutunta shi.

Bayan sallama, nas ne ke yin allurar wata-wata ga masu buƙatarta, ya faɗa wa iyali cewa komawa ruwa abu ne da ke faruwa, in ya faru a dawo da wuri, ba a ɗauko bulala ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Don haka kafin a biya kuɗi a wata cibiyar gyaran hali mai zaman kanta, a tambaya ko akwai nas mai rajista da ke kwana a wurin, a kuma nemi ganin lasisinsa.