Waiwaye: Yadda Kimar Ido Ta Koma Maki a Kasuwar Tsofaffin Mujallun Komik

A shekarar 2013 wani magini a garin Elbow Lake na jihar Minnesota, a Amurka, ya sayi wani tsohon gida a kan dala 10,100 da niyyar gyara shi. Yana cikin ɓamɓare bango sai ya ci karo da tsofaffin jaridu da mutanen da suka cusa don tare sanyi, a tsakiyarsu kuma ga wata mujallar labari cikin zane, irin wadda ake kira komik. Ashe Action Comics ce fitowa ta 1, ta watan Yunin 1938, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta. Murna ta rikiɗe ta zama gardama tsakaninsa da wata 'yar'uwar matarsa, wannan ya ja wannan ta ja, bangon baya ya yage. Da aka kai ta gaban masu ba da maki sai ta tashi da 1.5 cikin 10. Dillalan da suka yi gwanjonta sun ce ba don yagewar nan ba da 3.0 za ta samu, suka ƙiyasta asarar a kan dala 75,000. A hakan ma an sayar da ita dala 175,000, wato ta ninka kuɗin gidan sau 17.

Wa ya ba wasu mutane ikon cewa wannan 1.5 ce, waccan 3.0, har kasuwa ta yarda ta biya bisa maganarsu? Amsar tana da tarihi, kuma tushenta matsalar amana ce tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Tun farko ba don ajiya aka buga waɗannan mujallu ba. Senti 10 ake sayar da Action Comics, a kan takardar jarida mafi arha, wadda sinadarin da ke jikinta ke sa ta yi ja ta bushe har ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. 'Yan ƙarafa biyu ne ke riƙe da shafukan, da zarar sun sha danshi sai tsatsa ta ci takardar da ke kewaye da su. Yaro ya karanta, ya naɗe ya cusa a aljihun baya, ya ba abokinsa aro, uwa ta share ɗaki ta zubar, kamar dai yadda tsohuwar jarida ke ƙarewa a hannun mai ƙosai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta gangamin tattara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, miliyoyin mujallu suka bi nan. Bayan yaƙi kuma sai aka taso su a gaba da zargin ɓata tarbiyya. A 1948 an tara su an cinna musu wuta a wasu garuruwa irin su Binghamton ta jihar New York, a 1954 kuma littafin wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, da zaman sauraren ba'asi na majalisar dattawa suka ƙara rura abin. An buga kwafi kimanin 200,000 na Action Comics ta 1. Waɗanda ake jin sun rage a duniya yau ba su wuce 100 ba, akasarinsu a jigace.

Yaran da suka karanta su sun girma, a shekarun 1960 suka fara cigiyar abin da iyayensu suka zubar. Ciniki ta gidan waya ake yi. Wani a California ya sa talla a ƙaramar jaridar masu sha'awa cewa yana da kwafi "mai kyau", wani a Ohio ya aika kuɗi, bayan mako biyu ambulan ya iso da mujalla mai tabon shayi a bango. Cinikin biri a sama ke nan. Shi mai sayarwa ba lallai ya yi ƙarya ba, "mai kyau" ɗinsa ne ba irin na mai saye ba.

Mutumin da ya fara shimfiɗa doka a wannan kasuwa shi ne Robert Overstreet, mazaunin jihar Tennessee. A 1970 ya fitar da kundin farashi na farko, ya kasa kowace mujalla gida uku: mai kyau, mai kyau ƙwarai, da sabuwa fil. Kalmar da ya yi amfani da ita wa matakin ƙarshe, wato "mint", daga wajen masu tara tsabar kuɗi aka aro ta, ma'anarta kamar yanzu aka fito da abu daga gidan buga kuɗi. A wannan kundin, sabuwar Action Comics ta 1 dala 300 ce. Kundin ya ci gaba da fitowa shekara-shekara, ya zama abin da kowane ɗan kasuwa ke buɗewa kafin ya yi tayi.

Sai dai matakai uku sun yi kaɗan, kuma wani abu da ya faru a 1977 ya fito da hakan fili. Iyalan wani tsohon mai zane a birnin Denver, Edgar Church, suna son kwashe kayansa daga gida, suka kira wani matashin mai shagon komik, Chuck Rozanski. Abin da ya tarar kusan mujallu 20,000 ne, jere tsibi-tsibi, waɗanda Church ya yi ta saye tun ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1950 don ya riƙa duba zane. Babba ne ya saye su, yara ba su yi wasa da su ba, ga busasshiyar iskar Denver da sanyi da duhun ɗakin da aka ajiye su. Shafukan farare tas, launin bango yana ƙyalli. Masu tarawa da suka gani sai suka gane cewa abin da suka shekara suna kira sabo fil bai kama ƙafar wannan ba. Daga nan Rozanski ya riƙa sayar da su ninkin ba ninkin farashin kundi, kasuwa kuma ta koyi darasin da ke tafiyar da ita har yau: tazara 'yar ƙarama a can ƙololuwa tana iya zama kuɗi masu yawan gaske.

Inda kuɗi suka shiga, gyaran fuska ya biyo baya. Aka samu gwanaye masu cike gurbin da launi ya goge da ɗan alƙalami, masu manna yagewa da gam ta ciki, masu wanke bango da sinadari, masu sauya tsofaffin ƙarafa da sababbi, har da masu aske gefen mujalla da reza don ya fito a miƙe. Gyara a kan kansa ba laifi ba ne, gidajen adana kayan tarihi ma suna yi. Laifin shi ne a sayar wa mutum da gyararre a matsayin wanda hannu bai taɓa ba. A 1992 Overstreet da Gary Carter suka fitar da littafi na musamman kan tantance lafiyar mujalla, mai hotunan kowane irin aibi, da ma'auni mai maki 100. Bai karɓu sosai ba, don ba wanda zai rantse cewa ya ga bambancin 86 da 87. Ma'aunin maki 10 da ake danganta wa dillalin New York, Stephen Fishler, shi ne ya zauna. Amma ko da wane ma'auni aka ɗauka, mai kaya ne ke auna kayansa da kansa, kuma kowa ya san inda hannun mai mudu ke karkata.

Shekarun 1990 sun ƙara dagula lissafi. Labarin tsadar tsofaffin mujallu ya sa jama'a suka yi ta sayen sababbi suna ɓoyewa a leda, su kuma kamfanoni suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Mujallar X-Men ta 1 ta 1991 ta haura kwafi miliyan 8. Abin da kowa ya ajiye kuwa ba ya tsada. Kasuwar ta rufta, shaguna da yawa suka rufe, kamfanin Marvel, mai buga X-Men, da kansa ya shiga kotun fatarar kuɗi a Disambar 1996. A daidai wannan lokaci ne kasuwar intanet ta eBay ta kunno kai, cinikin nesa ya dawo da ƙarfinsa, yanzu da ɗan hoto dishi-dishi da alƙawarin baƙon da ba ka taɓa gani ba.

Masu tara tsabar kuɗi sun riga sun sha wannan wahala, sun kuma samo mafita tun 1986 da 1987, da aka kafa kamfanonin PCGS da NGC: a kai kaya wurin wani na uku wanda ba ya saye ba ya sayarwa, ya duba, ya ba da maki, ya rufe a roba. Masu NGC ne suka buɗe CGC a shekarar 2000 don mujallun komik, da Steve Borock a matsayin babban mai tantancewa. Hedkwatarsa yanzu tana Sarasota ta jihar Florida. Idan mujalla ta iso sai a ƙirga shafukanta, a bincika ko an taɓa gyara ta, a duba kusurwoyi huɗu, da 'yan layukan da buɗewa ke bari a wurin ɗinki, da ƙarafa, da launin takarda, daga fara sol zuwa wadda ta yi ja tana ɓarɓashi. Masu tantancewa ba sa sanin mai kayan. Daga nan a ba ta maki tsakanin 0.5 da 10, a rufe ta a akwatin roba mai tauri, a sa takardar shaida da lamba a sama. Launin takardar ma magana ne. Shuɗi na nufin ba a taɓa ta ba, shunayya an yi mata gyara, rawaya an sa mata hannu a gaban wakilin kamfani, kore kuma akwai wani babban aibi guda da aka ware.

Misalin kore da na fi so shi ne The Incredible Hulk fitowa ta 181, ta 1974, inda jarumin nan Wolverine ya fara fitowa sosai. A wancan lokaci Marvel tana buga wani ɗan tambari a shafin ciki, tana cewa yara su yanke su tara. Yaran kirki suka ɗauko almakashi suka bi umarni. Yau kwafin da aka yanke wa tambari, komai kyan bangonsa, kuɗinsa ya faɗi warwas idan aka gwada da cikakke. Kafin zuwan masu ƙirga shafi, mutane da dama sun sayi irin wannan ba su sani ba, kuma a nan dole a yaba wa tsarin. Ya kare ƙaramin mai saye wanda ba shi da idon gwani.

Da amana ta samu sai manyan kuɗi suka shigo. A Fabrairun 2010 wata Action Comics ta 1 mai maki 8.0 ta zama komik ta farko da aka saya dala miliyan 1. Kwanaki kaɗan bayan haka Detective Comics ta 27, mafarin Batman, ta ɗara ta da ɗan kaɗan. A 2014 mai maki 9.0 ta tashi dala miliyan 3.2 a eBay. A Satumbar 2021 Amazing Fantasy ta 15, mafarin Spider-Man, mai maki 9.6, ta kai miliyan 3.6 a gidan gwanjo na Heritage, a Afrilun 2024 kuma wata Action Comics ta 1 mai 8.5 ta kai miliyan 6. A 2021 ɗin ne kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi kaso mafi tsoka na uwar kamfanin CGC. Borock kuwa ya riga ya tafi, ya buɗe abokin hamayya, CBCS, a 2014.

Abin da ke damuna ya fara ne daga akwatin. Mujallar da aka rufe ba ta karantuwa. Ka fasa robar, makin ya tashi daga aiki. Labarin Superman da Jerry Siegel da Joe Shuster suka zauna suka tsara, suka sayar da haƙƙinsa a kan dala 130, ya koma bango gaba da bango baya. Na san amsar masu tarawa, cewa akwai sabon bugu mai arha ga mai son karatu, kuma takarda mai sama da shekara 80 hutu take buƙata. Gaskiya ne ga ta 1938. Amma ana ɗaukar mujallar da ta fito makon jiya, ba a ko buɗe ta ba, a aika da ita neman 9.8. A irin waɗannan, 9.8 kan ninka kuɗin 9.6, alhali abin da ya raba su bai wuce ɗan layi ɗaya da sai an karkata bango a ƙarƙashin fitila ake ganinsa ba.

Kuma makin nan hukuncin ɗan Adam ne. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan an ɗauki kimar ido an rubuta ta da lamba har da ɗigo, sai ta yi kama da awon sikeli. 'Yan kasuwa sun san haka, shi ya sa wasu ke fasa akwatin 9.4 su sake aikawa ko za a dace da 9.6. Sannan ga batun guga. Ana sa mujalla a injin zafi da ɗan danshi a danne ta har lanƙwasa da lotsawa su baje. CGC ba ya ɗaukar wannan a matsayin gyara, hujjarsa ita ce ba a ƙara komai ba, ba a cire komai ba, kuma ba a iya gane shi da tabbas. Tsofaffin masu tarawa sun yi ta ƙorafi, wasu har yau ba su haƙura ba. A 2012 uwar kamfanin ta sayi wani kamfanin guga ta mayar da shi reshenta. Ke nan gida ɗaya ke karɓar kuɗin guga, ya karɓi kuɗin maki, kuɗin makin kuma yana hawa ne da darajar mujallar. Ban ce ana maguɗi ba. Amma dalilin kafa wannan sana'a tun farko shi ne a samu alƙalin da ba shi da rabo a cikin shari'ar, kuma a ganina wannan tsari ya rage wa alƙalin nisa da kasuwa.

A ƙarshen 2023 aka gano wata ɓaraka. Kamfanin yana da hidimar sauya akwati idan ya tsage ko ya goge, ba tare da sake ba da maki ba. Wasu suka gano yadda ake buɗe robar ba a bar alama sosai ba, su zare mujalla mai babban maki, su zura wata da ba ta kai ta ba, su aika a sauya musu akwati. Sai ta dawo a sabuwar roba da tsohon makin, ita kuwa ta ainihin a sake aika ta a samo wani makin. Waɗanda suka tona asirin masu tarawa ne da suka zauna suna gwada hotunan tsofaffin gwanjo da sababbi, suka ga lambar shaida ɗaya amma ɗan tabon da ke kusurwar wannan babu shi a waccan. A farkon 2024 CGC ya amsa cewa abin ya faru, ya fitar da jerin ɗaruruwan lambobin da ake zargi, ya nemi masu riƙe da su su maido a sake dubawa tare da alƙawarin biyan diyya, sannan ya shigar da ƙara kotu.