Fankar Kwandensa ta Firji da Yadda Ake Canza Injinta

Fankar kwandensa ƙaramar fanka ce da ke ƙasan firji ta baya, dab da kwamfuresa, injin da ke matse gas ɗin firji. Aikinta shi ne jawo iska ta ratsa bututun kwandensa, inda gas ɗin ke hucewa, ta kuma hura ta a jikin kwamfuresa don ya huce. Ba ita ce fankar da ke cikin firiza ba, wadda ke watsa sanyi cikin ɗakunan firji. Wannan a waje take, cikin zafi da ƙura, shi ya sa a tsofaffin firji takan riga yawancin sassa gajiya. Kuɗinta bai kama ƙafar na kwamfuresa ba, amma idan ta tsaya ba a lura ba, kwamfuresan ne ke biyan bashin.

Waɗanne firji ne ke da ita

Ba kowane firji ke da wannan fanka ba. Tsohon samfuri mai baƙar raga a baya, daga sama har ƙasa, ba ya buƙatarta, domin iskar ɗaki ce ke kwashe zafin da kanta. Haka ma ƙananan firji da yawancin dif-firiza na gida, waɗanda aka binne bututunsu cikin jikin ƙarfe, shi ya sa gefensu ke ɗumi. Inda ake samun fankar shi ne manyan firjin da ba sa tara ƙanƙara a bango, da masu ƙofa biyu gefe da gefe, da firjin gilashi na shagunan lemo. A irin waɗannan an naɗe kwandensa an cusa shi a ƙasa, wurin da iska ba ta wucewa sai an tura ta.

Yadda take aiki

Firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje. Kwamfuresa na matse gas, gas ɗin ya fito da zafi da ƙarfi ya shiga kwandensa. A nan ne dole ya huce ya koma ruwa-ruwa kafin ya bi siririn bututu zuwa cikin firiza, inda zai sake zama gas ya ɗebi zafin kayan da aka ajiye. Idan bai huce a kwandensa ba, matsi na ƙaruwa, kwamfuresa ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, sanyi kuma ya ragu.

A tsofaffin firji an haɗa wayar fankar da ta kwamfuresa wuri guda: tare suke tashi, tare suke tsayawa. Injin nata mai sauƙi ne ƙwarai, kwayil ɗaya, wato naɗin waya, babu burushi, babu kafasita. Wani zoben jan ƙarfe da ke jikin ƙarfen injin shi ke sa ya fara juyi, shi ne kuma ke tsayar da gefen da zai juya. Ƙarfinsa kaɗan ne, galibi ana ganin wat 5 ko 10 ko 16 a rubuce a jikin irin wanda ake sayarwa a kasuwa, yana juyi kusan sau 1300 a minti ɗaya a kan wutar Nijeriya. Raunin irin wannan inji shi ne ba shi da ƙarfin tashi. Ɗan tauri kaɗan a sandarsa ya isa ya hana shi motsi. Sandar kuma yawanci ba a kan boris take ba, a kan bushin ɗin tagulla take, wato zoben da sandar ke juyi a cikinsa, wanda aka jiƙa da mai tun daga masana'anta, da ɗan auduga a kewaye da ke riƙe man. Ranar da man ya bushe, ƙarshen injin ya kusa.

Iskar da fankar ke hurawa tana da wani aiki na uku da ba kowa ya sani ba: ita ke busar da ruwan da ke tsiyayowa cikin farantin ƙasa duk lokacin da firji ya narkar da ƙanƙararsa.

Abin da ke kashe ta a Kaduna

Babbar abokiyar gabarta ƙurar hunturu ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fankar na zuƙar ƙura ba dare ba rana, ƙurar ta haɗu da yanar gizo-gizo da maiƙon hayaƙin kicin ta zama wani kauri mai kamar bargo a kan kwandensa, wata kuma ta shige bushin ta shanye man. Ba a cika ganewa a lokacin ba, saboda gari da sanyi, firji na iya lallaɓawa. Sai zafin Maris da Afrilu ya kama, a ce firji ya lalace farat ɗaya, alhali ciwon ya kwana biyu. A shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya su suka fi jin jiki, domin a lokacin ne firji ba ya samun hutu.

Sai matsalar wuta. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma a unguwannin da taransifoma ta yi wa nauyi takan zo ƙasa da haka sosai, ƙaramin janareta ma haka. Injin da bushinsa ya fara tauri ba ya iya tashi da raunanniyar wuta, sai ya tsaya yana gurnani yana ɗaukar zafi har kwayil ya ƙone. Ɓera ma na da nasa kason: wurin da ɗumi, ga duhu, sai ya yi sheƙa, ya ci waya, ko ya jawo leda ta maƙale a fuka-fukan.

Alamomi

Ƙarar gogayya ko kuka daga ƙasan firji ita ce gargaɗin farko. Bayan fanka ta tsaya, kwamfuresa na yin zafin da hannu ba ya iya jurewa, a ji ya yi "ƙas" ya mutu, bayan 'yan mintoci ya sake tashi. Wannan ƙarar ta obalod ce, ɗan abin da ke yanke wuta don kare kwamfuresa. Ruwa ya daina daskarewa, ɗakin ƙasa ya yi ɗumi, a wasu firjin kuma ƙarfen da ke tsakanin ƙofofi biyu ya yi zafi fiye da yadda aka saba.

A nan ake yawan yin asara. Hukuncin da ya fi saurin fitowa daga baki shi ne "gas ya ƙare", sai a yanke bututu a yi ɗuri. Gas ɗin firji ba ya ƙarewa kamar na girki. A rufe yake, ba ya raguwa sai an sami yoyo. Ƙwararren mai gyara kan fara da durƙusawa ya haska tocila a baya. Idan kwamfuresa na aiki fanka kuma tana tsaye, babu dalilin taɓa gas tukuna.

Gwaji kafin canji

Ana cire filogi daga soket, a kwance murfin baya, a juya fuka-fukan da yatsa. Lafiyayyen inji zai yi 'yan zagaye kafin ya tsaya. Wanda ya yi tauri ko yake girgiɗi, bushinsa ya tafi. Daga nan a zare wayoyinsa biyu a auna da mita. Idan mita ba ta nuna komai ba, kwayil ya tsinke. Idan kwayil lafiya, sanda kuma tana juyi, sai a duba ko wuta na isowa lokacin da kwamfuresa ke aiki, wanda aikin mai ilimin lantarki ne. A kula kuma: firjin da ke narkar da ƙanƙara da kansa yakan kashe kwamfuresa da fanka duka na ɗan lokaci, wannan ba lalacewa ba ce.

Ɗiga man keken ɗinki a bushin kan farfaɗo da injin na wasu makwanni ko watanni. Dabara ce ta kafin a samu, ba gyara ba. Baƙin mai da giris kuwa ƙura suke tarawa, su ƙara daskarar da shi.

Zaɓen sabon inji

Wannan ne ɓangaren da ya fi buƙatar natsuwa, domin firjin da ke gidajen Kaduna ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba. Na hannu da ake kira Baljiyam daga Turai suke, wutarsu ɗaya da tamu. Na Amurka kuwa an yi su ne don bolt 115 ko 120, ana haɗa su da taransifomar rage wuta. Injin bolt 115 da aka jona wa 230 zai ƙone nan take. Na 220 da aka sa a firjin Amurka zai riƙa juyi a kasalance ko ya ƙi tashi. Bugu da ƙari wutar Amurka 60Hz ce, tamu 50Hz (Hz ma'aunin saurin kai-komon wuta ne), don haka fankar firjin Amurka tana juyi da ragin kusan kashi ɗaya cikin shida a nan ko da lafiyarta ƙalau, abin da ke sa ƙura ta fi saurin yi mata illa.

Bayan wuta, sai a duba wat, da tsawon sanda da kaurinta, da ramukan noti, da gefen juyi, wanda ake rubutawa CW (gefen da hannun agogo ke bi) ko CCW (akasin haka) a jikin takardar injin. Musanya wayoyi biyu ba ya sauya gefen juyin irin wannan inji. Wanda ya juya a baibai zai yi ta gudu kamar abin kirki, iskar kuwa ba ta bin hanyar da aka tsara mata. Shi ya sa masu gyara ke ɗaukar tsohon injin da fuka-fukansa su tafi da su kasuwa, ko Panteka ko shagunan kayan firji na cikin gari, a aza kusa da sabon a gwada. Na hannu da aka ciro daga wani firjin yakan fi dacewa da mazauni, sai dai shi ma ya sha shekaru. A sa mai kaya ya jona shi a gani kafin a biya. Naɗin kwayil bai cika riba ba a ƙaramin inji irin wannan, tunda ba ya maido da bushin. Firjin zamani masu allon lantarki da yawansu fankar bolt 12 suke amfani da ita, ba a musanya ta da wannan.

Yadda ake canzawa

Aikin bai wuce na sukurdireba da filaya da ƙaramar sifana ba. Da filogi a cire, a ja firji daga bango ba tare da kwantar da shi ba. Yana da kyau a ɗauki hoton wayoyin da wayar salula kafin a taɓa komai. A kwance mazaunin injin, a fito da shi gaba ɗaya, a cire noti ko maƙalin da ke riƙe fuka-fukan, a lura da fuskar da ke kallon kwandensa. Kafin a sa sabon, a share kwandensa da burushi mai laushi. Sabon inji a gaban toshasshen kwandensa rabin aiki ne. A mayar da robobin da ke rage girgiza, a ɗaure, a juya da hannu a tabbata fuka-fukan ba sa taɓa komai. Wayoyi a haɗa su da maƙali ko a naɗe da tef mai kyau, a ɗaure su nesa da fuka-fukai da bututu mai zafi, wayar ƙasa mai launin kore da rawaya kuma a mayar da ita mazauninta.

Bututun jan ƙarfe da ke wurin ba sa son lanƙwasa, musamman a tsohon firji. Idan ya tsage, ƙaramin aiki ya zama babba. Tsofaffin firji sosai suna ɗauke da gas ɗin R12, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina ƙerawa saboda illarsa ga ozon, iskar sararin sama da ke kare duniya daga illar hasken rana. Na bayansu R134a, wasu kuma R600a, wanda ke kama wuta, don haka ba a kusantar wurin da ashana ko kyandir. Nau'in gas ɗin na rubuce a jikin kwamfuresa.

Murfin baya, wanda sau da yawa kwali ne mai kauri, ba ado ba ne. Shi ke tilasta wa iska bi ta cikin kwandensa maimakon ta zagaye shi, amma shi ake yawan yarwa bayan gyara. A mayar da shi, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin firji da bango. Idan an karkata firjin sosai yayin aiki, a bar shi tsaye na wasu awoyi don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Bayan an kunna, fanka ta tashi tare da kwamfuresa, a ji iska mai ɗumi na fita ta ƙasa. Cikakken sanyi kan ɗauki kusan kwana guda na wuta kafin ya daidaita. Idan har bayan haka obalod bai daina yankewa ba, sai a koma kan rile, ɗan abin da ke tayar da kwamfuresa, da kwamfuresan kansa, domin wanda ya daɗe yana aiki cikin zafi yana iya riga ya samu rauni.