Georg Kessler, Bajamushen da ya koyi sana'a a gidan wata Bafaranshiya

Wane ne shi?

Georg Christian Kessler ɗan garin Heilbronn ne, an haife shi a 1787. Shi ya kafa kamfanin giyar inabi mai kumfa mafi daɗewa a Jamus, a garin Esslingen kusa da Stuttgart, a 1826. Jamusawa na kiran irin wannan giya Sekt.

A ina ya koyi aikin?

A Reims, cikin yankin Champagne na Faransa. Yana ɗan shekara 20 ya kama aiki a kamfanin Veuve Clicquot a 1807. Mai kamfanin, Barbe-Nicole Clicquot, mijinta ya rasu ya bar mata harkar. Kessler ya faro daga riƙe littattafan lissafi, uwar ɗakinsa ta yarda da shi har ya zama abokin tarayya. Kusan shekara ashirin ya yi a gidan, kuma a ganina wannan haƙurin ne jarinsa na gaskiya.

Mene ne sirrin da ya ɗauko?

Kumfar. Ana zuba ruwan inabin da ya riga ya tsima a kwalba, a ƙara sukari da yisti, a toshe. Sai ya sake tsima a ciki, iskar ta rasa mafita. A wancan zamani kwalabe kan fashe da yawa a ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Wata matsalar ita ce dattin yisti da ke gurɓata ruwan. A gidan Clicquot aka ƙware wajen kifa kwalabe ana jujjuya su kaɗan-kaɗan har dattin ya taru a wuya a fitar da shi.

Me ya mai da shi gida?

Ya sa rai zai gaji ragamar kamfanin, hakan bai yiwu ba. Daga baya wani Bajamushen, Édouard Werlé, ya samu matsayin. Ga kuma rashi: matarsa ta fari, Bafaranshiya daga Sedan, ta rasu a 1825. Kessler ya koma masarautar Württemberg a kudancin Jamus, ya auri Auguste von Vellnagel, 'yar wani babban jami'in gwamnati.

'Ya'yansa sun gaje shi?

A'a. Sarkin Württemberg, Wilhelm na ɗaya, ya karrama shi a 1841, Kessler ya rasu a Stuttgart a 1842. Kamfanin ya koma hannun abokan kasuwancinsa, iyalin Weiss suka riƙe shi har 2004, amma sunan Kessler ne a jikin kwalbar har yau.