Mota mai jan baya ko mai jan ƙafa huɗu, wacce ta fi riƙe hanya?

Wai ina bambancinsu yake idan an shiga kwana?

Mai jan baya, irin Marsandin da, ko Fijo 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ƙafafun gaba aikinsu bin sitiyari kawai, na baya su ke tura motar, shi ya sa direba ke jin daɗin sitiyarinta sosai. Amma fa kana tsakiyar kwana ka danna totur da ƙarfi sai bayan ya zame ya nemi ya wuce gaban, in hannunka bai saba ba kafin ka ankara motar ta juyo tana kallon inda ka fito. Ita mai jan huɗu ƙarfin injin a rabe yake, kowace taya kaɗan take ɗauka don haka ba ta saurin sulɓewa, nata laifin shi ne in ka shigo da gudun da ya wuce kima gabanta ke ƙin cin kwanar, kana murɗa sitiyari ita kuma tana tafiya miƙe.

A tsere fa, wacce ke cinyewa?

A kan tsakuwa da laka da ƙanƙara ai tun da Audi ta kawo motarta Quattro mai jan huɗu gasar rali ta duniya a 1981 magana ta ƙare. Michèle Mouton ta ci tseren San Remo a Italiya da ita a shekarar, kuma Lancia 037 da ta ɗau kofin kamfanoni a 1983 ita ce mai jan baya ta ƙarshe da ta yi hakan. A kwalta ma Nissan Skyline GT-R mai jan huɗu ta ci tseren Bathurst 1000 a Ostareliya a 1991 da 1992, daga nan aka canza dokar gasar ta daina shiga.

To me ya sa motocin tseren Formula 1 duk jan baya ne?

Dokarsu ce ta hana jan huɗu. Ko ba dokar ma an gwada a 1969 bai yi ba, ƙarin ƙarafan nauyi ne, ga faffaɗan tayoyi da fukafukan da ke sa iska ta danne motar ƙasa sun riga sun ba ta riƙon da take nema.

Ni da nake tuƙi a titi, mai jan huɗu ta fi tsaro kenan?

Nan ne nake so a saurare ni da kyau, don wallahi abin na damuna. Jan huɗu wajen tashi da fitowa daga kwana yake taimako, wajen birki babu abin da yake ƙara maka, kowace mota ƙafa huɗu take birki da su. Ruwan farkon damina ya sauka, kwalta ta yi santsi da ƙura da baƙin mai, mai fowil, wato mota mai jan huɗu, ya tashi lafiya lau bai ji ko ɗan zamewa ba sai ya ɗauka hanyar garau take ya ƙara wuta, sai ya zo taka birki yake gane santsin. Tayar da ta cinye ta zama sumul, ko ja nawa ne zamewa za ta yi. Ga mai jan huɗu da shan mai, kuma da yawansu ba sa son a canza taya ɗaya a bar sauran ukun tsofaffi.